Ranar da Brodie Ya Ƙi Sace Iska

A cikin surukan da aka taɓa yi a Rockhampton, da wuya a sami wanda ya kai Brodie sanin komai. Watansa bakwai da auren Tahlia, amma ya riga ya gyara wa uwarta yadda ake soya ƙwai, ya nuna wa ubanta yadda ake ɗaura ƙugiyar kifi, alhali shi mutumin Longreach ne, inda teku sai a talabijin. Aikinsa gyaran taya ne a wani shago a bakin babbar hanya. Kuma ba mugu ba ne. In ka ce masa motarka ta lalace, zai bar abincinsa ya zo. Matsalar dai, in ya zo sai ya yi magana.

Gidan su Tahlia suna da abu ɗaya da ba a wasa da shi. Duk hutun Ista sukan kwashi kaya su nufi bakin teku can arewa, inda kwalta ba ta kai ba, su kafa tanti a gindin wasu bishiyoyi uku. Duk tsawon gaɓar nan, nan kaɗai inuwa ke wuni. Takardar izini kowa yana da ita, amma wuri na wanda ya riga isa ne. Shekara talatin da ɗaya iyayenta, Gordon da Noelene, suna riga kowa. Shekara tara ke nan wani tsoho mai suna Len da matarsa Beryl suna biye da su a wuya. Bara ma da minti huɗu aka tsere musu, su Len suka ƙare a cikin rana kamar kifin da aka shanya.

Bana kuma sai aka yi wa Gordon aiki a gwiwa, likita ya hana shi tuƙi.

"Wannan ai ba abin damuwa ba ne," in ji Brodie, ranar da suka je cin abinci gidan surukan. Ya ture faranti gefe ya shimfiɗa taswira a kan miyar da ta ɗiga. "A motata za mu tafi. Na duba abin nan da kyau, Gordon. Kun san inda kuke ɓata lokaci? Ƙarshen kwalta. Kowa ya tsaya, kowa ya tsuguna gaban tayarsa yana sace iska, ana hira kamar an zo biki. Minti ashirin! Mu ba za mu tsaya ba."

Gordon ya ajiye cokali. "Yaro, taya mai tauri ba ta tafiya a yashi. Nutsewa take yi."

"Tsohuwar taya ke nan. Ka ga nawa kuwa? Ni na zaɓe su, ni na ɗaura su. Shekara goma sha ɗaya ina cusa wa tayoyin mutane iska, yau a ce in durƙusa in sace da hannuna? In aka ji a shago, ina zan sa kaina?"

Tahlia ta duƙar da kai tana kallon farantinta. Tun tana 'yar shekara shida tayar baya ta hagu aikinta ce, da tsinken ashana take danna mata baki har sai ta yi tumbi. Ta buɗe baki za ta faɗa, Brodie ya dafa hannunta ya ce, "Tal ma ta yarda da ni." Sai ta rufe.

A wurin wanke-wanke uwarta ta matso kusa da kunnenta. "'Yar nan, in mijin nan naki ya sa na wuni a rana ina kallon Beryl a cikin inuwata, to ki shaida masa kada ya sake taka mini ƙofa sai bayan Kirsimeti."

"To, Mama," in ji Tahlia, ta ci gaba da goge kofin da ya riga ya bushe.

Safiyar Jumma'ar Ista suka tashi. Motar Brodie ja ce, doguwa, sabuwa ful. A goshinta fitilu shida, a bambarta injin ja mai waya, a rufinta tanti da shebur biyu da wasu allunan roba masu ruwan lemo, ga eriya uku suna rangaji kamar gemun fara. Ya rataya wa kowa ƙaramar oba-oba a wuya, har Gordon da ke zaune kusa da shi, wai ko da za a rabu.

Da suka isa ƙarshen kwalta, motoci bakwai ne a jere a gefen hanya, kowa a tsugune, ba ka jin komai sai tsiii ta ko'ina. Len yana gaban tsohuwar farar motarsa, Beryl na tsaye a kansa da kofin shayi. Brodie ya rage gudu ya sauke gilashi.

"Len! Faci kuka yi ne? In turo muku mai gyara?"

Len ya ɗaga hularsa ya leƙa cikin motar. "Gordon, kana ciki da ranka ka bar shi ya wuce haka?"

"Ɗauko ni aka yi kamar buhu, abokina. Ba a shawara da buhu."

Beryl ta kaɗa wa Noelene hannu. "Ku sauka lafiya, ƙawata. Sai mun tarar da ku. Ba za mu sha wahalar nema ba."

Noelene ta yi mata murmushi har da haƙora, gilashi na rufewa ta ce, "Ji mata da Allah."

Hanyar daji zuwa gaɓa gangara ce, shi ya ceci Brodie. Ya sake wa motar gudu, tana tsalle tana dira, kan Noelene ya gaisa da rufi sau uku, kwalin ƙwai ya yi wata ƙara a baya da kowa ya ji, ba wanda ya tanka. Sai ga teku shimfiɗe, ruwa ya janye can nesa, jiƙaƙƙen yashi ya yi tauri kamar daɓe. Brodie ya fizgo oba-oba, wadda duk mai mota a gaɓar yake saurare.

"Jama'ar gaɓa, barkanku da safiya! Brodie ke magana daga jar mota. Mun sauka lafiya, iska cike, ko ɗigo ba mu zubar ba. Mai son koyo ya same ni a bishiya uku."

Oba-obar ta yi ƙara. Sannan wata murya ta ce, "Wane ne wannan kuma?"

Wata ta amsa, "Surukin Gordon ne."

"Ayya. Sannu, Gordon."

Gordon ya ja hularsa ya rufe fuska.

Kusan kilomita goma sha biyu abin ya tafi sumul, Brodie na tuƙi da hannu ɗaya yana bayanin yadda ake karanta yashi. Sai suka iso Hancin Dutse, inda duwatsu suka miƙo daga hagu, teku na dama, hanya ta tsuke ba ta wuce faɗin mota ɗaya ba, yashin wurin kuma laushi gare shi kamar gari.

"Kada ka tsaya," in ji Gordon daga ƙarƙashin hula. "Komai za ka yi, kada ka tsaya."

"Yanzu za ku ga aiki," in ji Brodie. "Akwai wani maɓalli na musamman don irin wannan wuri." Ya taka birki ya tsaya cak a tsakiyar matsin, ya duƙa yana neman maɓallin.

Tahlia ta ji motar ta sauke numfashi ta ɗan zauna.

Ya sami maɓallin, ya danna, ya taka totur. Tayoyi huɗu suka juya a wuri ɗaya. Ya ƙara takawa. Yashi ya yi sama ya dawo ta tagar Noelene ya cika mata cinya. Ya sa giyar baya, ya sa ta gaba, ya sake ta baya, har motar ta kwanta da cikinta kamar kaza a kan ƙwai.

"Ta kafe," in ji Gordon.

"Ba kafewa ba ce. Tana neman gindin zama ne."

"Ta samu kuwa."

Brodie ya dira ƙasa, ƙafarsa ta nutse har idon sawu. Ya sauko da allunan roba, ya cusa su gaban tayoyi, ya koma ya taka totur har ƙasa. Tayoyin suka haɗiye allunan. Ɗaya ya fito ta baya ya yi sama kamar tsuntsu, ɗayan kuwa har yau yana can ƙarƙashin Hancin Dutse.

"Ba komai," ya ce. "Don irin wannan rana aka yi injin ja."

Ya jawo wayar ya yi gaba da ƙugiya a hannu, ya duba hagu, ya duba dama. Babu bishiya, babu kututture, duwatsun kuma duk ruwa ya suɗe su sun yi santsi. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Na tuna! Safaya ake binnewa a ɗaura mata. Na gani a bidiyo."

Ya kwance safaya ya gungura ta gaba, ya haƙa rami iya gwiwa. Gordon, wanda ya fito ya jingina da sandarsa, ya ce ramin sai ya kai ƙugu. Brodie ya ce wannan lissafin da ne. Ya binne ta, ya tattake yashin da rawa-rawa, ya dawo ya kunna injin. Waya ta miƙe. Ta yi ƙara. Yashi ya kumbura. Sai safayar ta yi fit ta fito kamar an tashe ta daga barci, ƙugiya ta zame, ta faɗo a tsaye, ta gangaro ta gaban motar a natse, ta wuce Noelene da ke karkaɗe siket, ta shige teku.

Dukkansu suka tsaya suna kallonta tana lilo a kan ruwa.

"Ita dai ta isa inda za ta," in ji Noelene.

A daidai nan ƙarar motoci ta iso. Farar motar Len ce a gaba, tayoyinta sun yi tumbi, tana tafe a kan yashi kamar agwagwa a tafki, sauran shida na biye. Suka tsaya a jere. A gaɓar nan ba a wuce wanda ya kafe. Ko ba kwa ga maciji da juna, sai ka fid da shi tukuna. Balle ma Brodie ya toshe hanyar ƙaf. Kowa ya fito da sheburinsa, ba wanda ya yi gaggawa.

Len ya zagaya motar hannu a baya, ya shuri taya ɗaya, ya ɗaga ƙafa yana yarfewa. "Kai! Wannan taya ce ko dutsen niƙa?"

"Yashin bana ne ya canza," in ji Brodie.

"Haka ne, ɗana. Jiya da yamma suka kawo sabo."

Wata mata mai jar hula ta ce a ɗauki hoto kafin a taɓa komai. Wani mai gemu ya tambaya ko fitilun shida ba za su taimaka ba. Gordon ya juya ya dubi teku. Ya dogara zuwa inda ruwa ke tsayawa, ya ja layi da sandarsa. Kafin ya dawo wurinsa, harshen ruwa ya lashe layin.

"Ruwa ya juyo," ya ce.

Dariya ta ragu. Len ya zaro kwalin ashana daga aljihu ya nufi tayar gaba. Brodie ya tare shi.

"To, tunda kun matsa, zan rage kaɗan. Amma ba da tsinke ba. Wannan sana'ata ce."

Ya ɗauko wani ɗan makulli mai sheƙi, ya durƙusa, ya kwance ɗan ƙarfen da ke cikin bakin tayar, wai haka ya fi sauri. Ya fi sauri kuwa. Iska ta fizge ƙarfen daga yatsunsa ta yi gaba da shi. Brodie ya toshe bakin da babban yatsa, tayar na ihu ta gefen yatsan.

"Kowa ya tsaya inda yake! Kada wanda ya ɗaga ƙafa!"

"Me ya faɗi?"

"Ɗan ƙarfe ne. Kamar ƙwayar shinkafa."

"Ba ka da wani?"

"Akwai cike da gwangwani."

"To ɗauko mana."

"A shago."

Haka manya goma sha biyar suka durƙusa suna tankaɗe yashi da yatsu, Brodie na tsakiya da yatsa a bakin taya, har yatsan ya gaji ya zame, tayar ta yi dogon tsaki ta kwanta. Mai gemu ya tuɓe riga ya shiga teku kamo safaya.

Len ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Ga yadda za a yi. A sauke kaya motar ta yi sauƙi. In ja ka baya zuwa wuri mai tauri, ka zauna ka canza tayarka a tsanake, mu kuma mu wuce kafin ruwa ya rufe." Ya juya ga Gordon, ya kasa ɓoye murmushi. "Ka yi haƙuri, tsoho. Shekara talatin da ɗaya ai ta isa. In kun iso ku leƙo, za a ba ku shayi a inuwa."

Tahlia ta kalli uwarta. Kunnuwan Noelene sun yi ja, kuma ba mijinta take kallo ba, ƙeyar Brodie take kallo.

Aka shiga sauke kaya a kan duwatsu: kula, tukwane, tamfol, kwalin ƙwai yana ɗiga, kujerun naɗewa huɗu. Tahlia na karɓa tana jerawa. Da kujera ta ƙarshe ta zo hannunta, sai ta tsaya. A gaɓar nan in mutum ya buɗe kujerarsa a wuri, wurin ya zama nasa, ko ya tafi kamun kifi ya wuni ba mai taɓawa. Kuma ba ta taɓa jin an ce dole sai a mota za a kai kujerar ba. Daga Hancin Dutse ana hango kan bishiyoyin, bai wuce kilomita biyu da rabi ba.

Ta matsa kusa da uwarta. "Mama," ta ce a hankali, "zo ki raka ni."

Noelene ta kalli kujerar, ta kalli arewa. Ta ɗauki butar shayi. Suka raɓa ta gefen motar, ruwa na taɓa musu ƙafa, kamar masu neman inda za su kama ruwa.

Ba su yi taku ɗari ba suka ji numfashi a bayansu.

"Ina zuwa haka, ƙawata?" Beryl ce, da tata kujerar a hammata.

"Miƙe ƙafa kawai," in ji Noelene. "Zaman mota ya gajiyar da ni."

"Ni ma haka. Da kujera ake miƙe ƙafa yanzu?"

"Ko da mutum zai gaji. Ke fa?"

"Ko da mutum zai gaji."

Suka jera. Ba wadda ta yarda ta yi gudu, don ba girmansu ba ne, amma ƙafafu na ta ƙara sauri, gwiwar hannu na aiki. Noelene ta tambayi lafiyar jikokin Beryl. Beryl ta yaba gashin Noelene. Kowace kalma da haki take fita.

Oba-obar da ke wuyan Tahlia ta yi ƙara. Muryar Len ce. "Brodie, na ɗaura igiya. Kada ka taka komai sai na ce."

"Na gane, Len. Ai na sha yi."

Aka ji injin ya yi gurnani, aka ji wani abu ya yi gum.

"Birkin hannu, yaro! Saki birkin hannu!"

"Ai gwada igiyar nake yi!"

Noelene ta dafe haƙarƙari. Beryl ta wuce ta da taku biyu, ta wuce da uku.

"Tahlia," in ji Noelene da kyar, "ruga."

Tahlia ta duba gabanta. Masu kamun kifi ne jere a bakin ruwa, waɗanda suka kwana biyu a gaɓar, su inuwa ba ta dame su ba, sun kai mutum goma, duk sun juyo suna kallo. Ita da ko a shago in aka kalle ta sai ta manta abin da ta zo saye. Rabonta da gudu tun tana makaranta.

"Mama, mutane na..."

"Ruga, na ce!"

Ta cire silifas, ta ɗora kujera a ka, ta runtse ido ɗaya, ta zuba da gudu.

"Haba! Wannan ai zamba ce!" Beryl ta ƙwala. "Noelene, kin sako mini yarinya!"

"Ke ma da kin zo da taki!"

Masu kamun kifi suka gane abin da ake ciki. Wani ya kaɗa hula. "Kujera! Kujera ce a gaba!" Wani ya ɗaga sandar kifinsa sama don ta wuce ta ƙarƙashin zare. Wani kare ya biyo ta yana haushi don murna. Fuskarta ta yi zafi fiye da ƙafafunta, amma ba ta tsaya ba. Oba-oba na dukan ƙirjinta tana ta zuba.

"Ta fito! Ta fito!"

"Wa ya bar ƙofar baya a buɗe?"

"Ga babbar igiyar ruwa nan tafe! Ku riƙe kula!"

Aka ji shaaa, aka ji ihu, sannan muryar Gordon a natse: "To. Teku ta shigo gaisuwa."

Tahlia ta isa gindin bishiyoyin ba ta ganin gabanta sosai. Ba kowa. Inuwa shimfiɗe, ga duwatsun murhunsu na bara nan yadda suka bar su. Ta buɗe kujerar a gindin ta tsakiya, ta faɗa ciki.

An jima sai ga tsofaffin biyu tafe a hankali, Beryl ta rataya a hannun Noelene, Noelene na ɗauke da kujerar Beryl. Tahlia ta miƙe da sauri ta ba Beryl wuri.

Beryl ta zauna tana fifita da hula. "Na zauna, amma ba wai na yarda ba ne." Ta ƙare wa Tahlia kallo. "Ke da ko gaisuwa sai an kasa kunne ake jin taki. Ashe ƙafa ce bakinki."

Sun hura wuta, ruwan shayi ya tafasa, kafin motocin su bayyana. Farar motar Len ce a gaba, tana tafe a hankali, Gordon zaune a gidan gaba da gwiwar hannu a taga. A bayanta doguwar igiya, a ƙarshen igiyar kuma jar mota, tayoyinta huɗu sun yi tumbi, fitilunta shida na ƙyaftawa su kaɗai, ƙahonta na kuka lokaci-lokaci ba wanda ya taɓa shi. Ruwa ya taɓa wayoyinta ta ƙi tashi, kuma ba a barin mota a bayan Hancin Dutse in teku ta kawo. Sauran shida na biye suna danna ƙaho. Masu kamun kifi suka bar sandunansu suka biyo ayarin.

Len ya tsaya, ya leƙo, ya ga hayaƙi, ya ga buta, ya ga matarsa da kofi a hannu a cikin kujerar da ba tasu ba.

"Beryl! Me nake gani haka?"

"An riga mu, Len. Da ƙafa."

"Da ƙafa?" Ya juya ga Gordon. "Kai tsohon banza, ka sani?"

"Ni buɗe ido na yi na ga kujera ɗaya ta ɓace," in ji Gordon, yana saukowa da sandarsa. Ya dubi 'yarsa, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

"Na jawo muku mota kilomita biyu da rabi, ina ta lallaɓawa kada igiya ta tsinke, ashe zuwa inuwarku nake kawo ku!"

"Ka yi aikin lada," in ji Noelene. Ta nuna bishiyar ƙarshe da cokalin shayi. "Waccan taku ce. Ta bana kawai. Kada ku saba."

Sai Brodie ya fito. Wandonsa jiƙe har ƙugu, yashi har cikin gira, takalmi ƙafa ɗaya. Ya dubi inuwar, ya dubi matarsa, ya dubi taron da ya kewaye shi. Tahlia ta ga lokacin da ƙirjinsa ya fara tasowa.

"To, jama'a," ya ce, "kun dai gani. Wa ya sami bishiya uku? Ai dama tsarin ke nan. Ni in tare hanya, Tal ta wuce. Tun a gida muka..."

Yana magana yana buɗe ƙofar baya don ya sauke kaya. Ruwan da ya taru a ciki ya kwararo masa a ƙafa, da ɓawon ƙwai, da ciyawar teku, da takalminsa ɗaya. A ƙarshe wani ɗan kifi mai farin ciki ya zamo ya faɗo a kan yashi yana tsalle.

Kowa ya zuba wa kifin ido. Sai mai gemu ya durƙusa ya riƙe ciki. Len ya jingina da motarsa yana share hawaye. Matar nan mai jar hula ta ce kada kowa ya motsa sai ta ɗauka.

Gordon ya duƙa da kyar ya kama kifin ta wutsiya, ya ɗaga shi sama. Bai fi tsawon tafin hannu ba.

"Mu nan tun safe ko ɗaya ba mu kama ba," in ji ɗaya daga masu kamun kifi.

"To ku shaida," in ji Gordon. "Kifin farko na Jumma'ar bana, surukina ne ya kama shi. Da mota."

Noelene ta soya shi a murfin tukunya, aka raba shi gida shida, kowa ya sami abin da zai ɗora a harshe.

Da la'asar wasu baƙi biyu suka biyo ta bakin ruwa daga can arewa, suka ce sun ji labari a oba-oba, suna son ganin mutumin da ya kama kifi da mota. Brodie na zaune a kan kula da tawul a ƙugu, wandonsa na shanye a eriya. Ya gyara zama.

"Ba kowa zai iya ba," ya ce. "Sai ka san lokacin da za ka buɗe ƙofa. Da ya shigo, motar har girgiza ta yi. Girmansa kuwa..." Ya ware hannuwansa biyu har sun wuce kafaɗunsa.

Tahlia ta ajiye kofin da ke hannunta. Ta zo ta tsaya a gabansa, ba ta kalli kowa ba, ta kama hannuwan nasa biyu ta matso da su a hankali, ta matso, ta matso, har suka kusa haɗuwa.

Brodie ya dubi ɗan tsakanin da ya rage. Ya dubi matarsa.

"Saura kan kifin," ya ce a hankali. "Tal, ki bar mini kan mana."

Ta ƙara masa faɗin yatsa ɗaya.